Hannun wa za ka bi a jita: Trucks, Mayer, Bonamassa, Clark ko White?

Ɗan maƙwabcina ya tara kuɗin ɗinki na wata bakwai ya sayi jitar lantarki ta hannu, da 'yar amfilifaya da ba ta wuce girman akwatin rediyo ba. Ranar da ya kawo min in duba masa, tsirkiya ta uku ta yi tsatsa, wuyan jitar kuma ya ɗan lanƙwashe har tsirkiyoyin sun yi sama sun bar katako. Muka gyara abin da zai gyaru. Yana naɗe waya sai ya ce, "Kawu, a cikin masu jitar rok da buluz na yanzu wa ya fi iyawa? Mutum ɗaya nake so in kama in bi, don datata ba za ta kai in bi kowa ba."

Na ji daɗin tambayar, domin haka ake koyon kowane kiɗa: ka zauna a gaban mutum ɗaya har hannunsa ya shiga naka, daga baya ka nemi naka. Sai dai tambayoyi uku ne ya dunƙule. Akwai wanda ya fi gwaninta, akwai wanda ya fi tasiri a kan jama'a da sauran makaɗa, akwai kuma wanda bin sa zai amfani mai irin wannan jitar da irin wannan aljihun. Amsoshin ba su faɗa kan mutum ɗaya ba.

Mutum biyar nake yawan saurare, duk Amurkawa, an haife su tsakanin 1975 da 1984. Rijiya ɗaya suka sha. Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, musamman yankin Mississippi, kuma gininsa ba shi da wuyar faɗa: gaɓa 12 da ke zagayowa, kamun yatsu iri uku, da tsanin sauti biyar wanda kunnen da ya saba da garaya da gurmi ba zai ji shi baƙo ba. B.B. King, wanda ya rasu a 2015, shi ya nuna yadda ake riƙe sauti ɗaya a girgiza shi har ya yi magana. Jimi Hendrix ya cusa wa abin wuta da ƙara kafin ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Stevie Ray Vaughan ya farfaɗo da shi a shekarun 1980, sannan haɗarin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi a 1990. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ya ɗebi wani abu daga waɗannan magabata, abin da ya bambanta su shi ne inda kowa ya kai abin da ya ɗebo.

Zan fara da wanda ya fi kama min zuciya, ba zan ɓoye ba. Derek Trucks, haifaffen Jacksonville a jihar Florida a 1979, ya tashi a gidan kiɗa, domin baffansa Butch Trucks yana cikin masu ganga na ƙungiyar Allman Brothers Band. Shi ma ya shiga ƙungiyar a 1999 yana ɗan shekara 20, ya zauna har ta naɗe tabarma a 2014. Tun 2010 shi da matarsa Susan Tedeschi suke jagorantar tasu babbar ƙungiyar.

Trucks yana saka ɗan bututun gilashi a yatsan zobe na hannun hagu, ya riƙa zamar da shi a kan tsirkiya maimakon ya danne ta a kan ƙarafan wuyan jita. Ƙarafan nan su ne suke yanka sauti daki-daki kamar matakala. Da zarar ka bar su, jita ta koma 'yar uwar goge da kukuma: babu daki, sai zamiya daga wannan sauti zuwa wancan, da duk ƙananan sautukan da ke tsakani waɗanda muryar ɗan Adam ke bi ta kansu in tana kuka ko kirari. Nan gwanintarsa take. Ya yi karatun kiɗan Indiya a makarantar Ali Akbar Khan da ke California, ya kuma daɗe yana sauraren mawaƙan ƙawali na Pakistan da mawaƙan coci na baƙaƙen Amurka, kana kuwa jin duk wannan a yadda yake tunkarar sauti. Ba ya faɗa masa kai tsaye. Yakan taso daga ƙasa, ya ɗan tsaya kafin ya iso, ya taɓa shi, ya ja da baya, sai a karo na uku ya zauna a kansa ya girgiza. Wanda ya san yadda mai goge ke jan rai kafin ya sauke waƙa zai gane abin nan take.

Ku lura da hannunsa na dama in kun samu bidiyo mai kyau. Ba ya riƙe ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, da tsokar yatsu yake bugawa. Yayin da yatsa ɗaya ke fisgar tsirkiya, babban yatsa da sauran suna kwance a kan biyar ɗin da suka rage suna toshe musu baki. Wannan ne sirrin da masu koyo ba sa gani. Gilashi na taɓa tsirkiya fiye da ɗaya a lokaci guda, in ba ka kashe sauran ba sai hayaniya ta cika wurin. Kayan aikinsa kuwa kaɗan ne: jitar Gibson SG, waya, amfilifaya, yawanci ba tare da akwatunan da ake takawa da ƙafa don sauya amo ba. Ƙarfi da taushi daga yatsunsa suke fitowa da kuma maɓallin ƙara da ke jikin jitar. Yakan fara a hankali ƙwarai har ka matso da kunne, ya yi ta ginawa minti huɗu ko biyar, kafin ya saki abin ya cika fili. Yana tsaye cik, ba rawa, ba yatsina.

Aibin bin sa ga mai koyo shi ne ɗaurin tsirkiyarsa daban yake. Yana ɗaure jitarsa ta yadda in ka shafi tsirkiyoyin shida ba tare da ka danna komai ba, kamun E cikakke zai fito, wanda ke nufin sai an ƙara wa tsirkiya uku tauri a kan ɗaurin da kowa ya sani. Darussan da ke cike da intanet kuwa, mafi yawansu a kan ɗaurin gama-gari aka yi su. Ka bi Trucks shekara guda, ranar da aka kira ka kiɗan biki aka miƙa maka jitar wani, za ka tarar yatsunka sun ɓata hanya. Sannan tasirinsa a cikin makaɗa ya fi yawa. Masu jita na ambaton sunansa da girmamawa, shahararren mai jitar Birtaniya Eric Clapton ma ya ɗauke shi yawon kiɗa a 2006, amma mutumin titi ko a Amurka ba lallai ya san fuskarsa ba.

John Mayer kuwa kowa ya san fuskarsa, abin da ya daɗe yana jawo masa raini ke nan a wurin masu tsattsauran ra'ayin buluz. An haife shi a Connecticut a 1977, ya ɗan taɓa karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee ya bari, ya shahara da waƙoƙin soyayya masu laushi da jitar katako. A 2005 ya haɗa rukunin mutum uku da Steve Jordan a kan ganga da Pino Palladino a kan bas, wato jita mai kaurin murya, ya fito da hannun da ya koya tun yana yaro daga sauraren Stevie Ray Vaughan. Kundinsa na 2006, Continuum, shi ne inda ya haɗa abubuwan biyu, kuma daga nan ne samari da yawa da ba su taɓa jin sunan B.B. King ba suka bi sawu suka koma baya suka same shi. Wannan tasiri ne na gaske. Daga 2015 ya shiga ƙungiyar Dead & Company tare da tsofaffin 'yan ƙungiyar rok ta Grateful Dead, inda ake jan waƙa ɗaya tsawon lokaci ana ƙirƙira nan take, hannunsa ya ƙara buɗewa. A 2018 kamfanin PRS ya fitar da jita mai ɗauke da tsarinsa, Silver Sky.

Abin da nake so mai koyo ya ɗauka a wurinsa shi ne yadda yake haɗa rakiya da waƙa a hannu ɗaya. Yakan zagayo da babban yatsan hagu ta saman wuyan jita ya danne tsirkiya mai kauri, dabarar da ta zo daga Hendrix, sauran yatsu huɗun su samu sararin yin ado a ƙasa. Sai ka ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa, ɗaya na riƙe da gindi, ɗaya na zuba kwalliya. Ga wanda yake zaune shi kaɗai a ɗaki, ba mai ganga ba mai bas, babu darasin da ya kai wannan amfani. Yana kuma barin sarari. Yakan faɗi jimla gajera, ya yi shiru, ya amsa wa kansa, kamar zabiya da 'yan amshi. Amonsa a wanke yake, ba ya ɓuya a bayan ƙara, saboda haka kunnen mai koyo na iya tsinto sautukan ɗaya bayan ɗaya ko da a lasifikar waya.

Inda nake da ƙorafi a kansa, ban cika jin haɗari a kiɗansa ba. Komai a gyare, komai a goge. Sannan kwaikwayonsa ya yi yawa har ya zama yayi, ka buɗe Instagram ka ga samari ɗari da amo ɗaya da lanƙwasa ɗaya. Wanda ya bi shi sai ya yi da gaske kafin ya fita daga inuwarsa.

Joe Bonamassa sa'an Mayer ne, shi ma 1977, daga jihar New York. Yana ɗan shekara 12 ya buɗe wa B.B. King fage. In ana maganar tsabtar hannu da gudu, a cikin biyar ɗin nan babu mai kama ƙafarsa. Yakan gangaro daga saman wuyan jita zuwa ƙasa da gudu, kowane sauti a fili kamar an ƙirga tsaba, kuma abin da ya yi daren jiya zai sake yi yau ba tare da kuskure ba. Buluz ɗinsa ta hannun Turawan Birtaniya da Ireland ya biyo, irin su Clapton, Jeff Beck, Rory Gallagher da Gary Moore, shi ya sa ya fi nauyi ya fi kusa da rok. A 2009 ya cika zauren Royal Albert Hall na Landan, Clapton ya hau fage suka yi tare. Ya fi kowa yawan kundin da suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin buluz na mujallar Billboard, kuma da kamfaninsa na kansa yake fitar da su, abin da ya zama darasi ga makaɗan da manyan kamfanoni da gidajen rediyo suka juya wa baya.

Ina girmama shi, amma ba na ba mai fara koyo shawarar ya kama shi. Dalili na farko, gudun nan yana ruɗar yaro ya ɗauka yawan sauti shi ne kiɗa, ya shekara yana tseren yatsu bai iya riƙe sauti ɗaya ya yi daɗi ba. Na biyu, rabin hirar da ake yi a kansa hirar kaya ce: tarin tsofaffin jitoci da amfilifayoyi da ya mallaka, har da jitocin Les Paul ƙirar 1959 waɗanda kuɗin guda ɗaya zai gina gidaje. Yaron da ke da jitar hannu in ya nutse a wannan hira, sai ya fara ganin laifin kayansa maimakon ya zauna ya yi aiki. Bonamassa rumbu ne. Wanda ya riga ya shekara uku ko huɗu yana bugawa, yana neman jimloli da dabarun da zai ƙara a jakarsa, ya je can zai cika buhu.

Gary Clark Jr. shi ne ƙaraminsu, 1984, ɗan Austin a jihar Texas, garin da Stevie Ray Vaughan ya yi suna. Ya goge ne a gidan kiɗan Antone's tun yana matashi, duniya kuma ta san shi bayan bikin jita na Crossroads da Clapton ya shirya a 2010. Hannunsa bai kai na Bonamassa tsabta ba, bai kai na Trucks zurfi ba. Abin da yake da shi nauyi ne. Yana son amo mai kauri mai ƙura, wanda ke fita kamar ana yaga ƙyalle, ya kama jimla ɗaya ya yi ta maimaita ta har ta zama guduma. Ga murya kuma, yana iya siririya mai taushi yana iya mai tsawa. Shi ne ya fi sauran ƙoƙarin mayar da buluz wurin matasan baƙaƙen fata waɗanda kakanninsu suka ƙirƙire shi, ta hanyar gauraya shi da hip-hop da soul, da waƙa a kan wariyar launin fata da ya gani da idonsa. Ya karɓi kyautar Grammy uku a dare ɗaya a 2020. Wanda yake waƙa da bakinsa, jita kuma rakiya ce da makami a gare shi, Clark ne nasa.

Sai Jack White na Detroit, 1975, wanda in aka auna da ma'aunin makaranta zai zo na ƙarshe, in aka auna da yawan kunnuwan da kiɗansa ya shiga kuma ya wuce su duka da nisa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya ji 'yan kallo a filayen Turai suna rera wani amo mai sauti bakwai bayan an ci ƙwallo. Daga waƙarsa ta 2003, Seven Nation Army, ya fito, magoya bayan Italiya suka yayata shi a gasar cin kofin duniya ta 2006, har yau bai sauka ba. Mutane da yawa sun ɗauka bas ce ke yin sa, alhali jita ce aka bi da ita ta akwatin da ke saukar da sauti ƙasa. Ƙungiyarsa ta The White Stripes mutum biyu ce kacal, jita da ganga, kuma jitar da aka fi saninsa da ita wata ja ce ƙirar Airline ta shekarun 1960, mai araha a zamaninta, wadda ba ta da daɗin riƙo. Da gangan ya zaɓe ta, yana ganin kokawa da kayan aiki na fito da abin da sauƙi ba ya fitarwa. Tushensa tsohon buluz ne na Son House, ɗanye, ba ado. Duk wanda ya ga abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin wannan tunani ba. Darasin White a wata uku za ka kwashe shi, amma yana da daraja: ka nemo jimla ɗaya da mutane za su iya rerawa da baki. Bin sa shekara guda cur kuwa zai bar yatsunka da ƙarancin guzuri.

Na gaya wa yaron cewa kafin ya ƙare datarsa a Amurka, ya waiwaya arewa kaɗan. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa a Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin wani kamfani a Amurka ya neme shi. Bahago ne, yana bugawa da yatsa cikin gudu mai ban tsoro, yau kuma mujallun rok na Turai da Amurka suna lissafa shi cikin manyan masu jita na wannan zamani. Bombino na Agadas ma haka: Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ta Amurka ne ya shirya masa kundinsa na 2013, daga baya ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Kiɗansu ba buluz ɗin gaɓa 12 ba ne, yakan zauna a kan kamu ɗaya ya yi ta juyawa a kan bugun da ƙafarmu ta riga ta sani. Ga mai jita a Kano ko Maraɗi, wannan gajeriyar hanya ce, don ba sai ya koyi sabon numfashi ba.

Ya ce duk ya ji, amma har yanzu ban ba shi suna ɗaya ba. Na ce to, a gwaninta Trucks nake ba wa, don shi kaɗai ne a cikinsu yake yin abin da ban ji wani mai rai yana yi kamarsa ba. A tasiri kan jama'a White ne, a tasiri kan masu koyon jita Mayer ne. Wanda za ka bi kuwa, shekarar farko ka kama Mayer, saboda ɗaurinsa na gama-gari ne, amonsa a fili yake, kuma zai koya maka ka riƙe waƙa kai kaɗai. Ka sassauta duk tsirkiyoyin da rabin mataki kamar yadda Vaughan yake yi, za su yi laushin lanƙwasawa kuma ba za su riƙa tsinkewa ba, tunda samun sababbi a nan sai an sha yawo. Kada ka tara bidiyo hamsin. Ka sauke uku, ka rage musu gudu, ka zauna a kansu har sai ka iya rera kowace jimla da baki kafin ka neme ta da yatsa.

Sai ya ɗaga jitar ya nuna min tazarar da ke tsakanin tsirkiya da katako, wadda duk gyaranmu bai kawar ba, ya ce yatsunsa na zafi in ya danna a can sama. Na karɓa na duba. Gaskiyarsa ne, irin wannan jitar tana wahalar da mai dannawa. Amma tsirkiya mai tsayi ita ce abin da mai zamiya da gilashi yake so, don gilashin ba zai riƙa karo da ƙarafa ba. Duane Allman, wanda Trucks ya gaji gurbinsa a ƙungiyar baffansa, da ƙaramar kwalbar maganin mura yake yin nasa. Na shiga ɗaki na lalubo wata 'yar kwalbar magani da ta shige yatsansa daidai, na sassauta masa ɗaurin zuwa kamun D maimakon E don kada tsirkiyar nan mai tsatsa ta tsinke, na ce rabin sa'a a kowace rana ya ba Trucks, sauran lokacin na Mayer ne.

Ya ɗora kwalbar, ya fisgi tsirkiya ta farko, sauran biyar suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Na kama hannunsa na dama na kwantar da babban yatsan a kansu, na ce ya sake. Ya taso daga ƙarfe na goma a hankali, ya wuce na sha biyu kaɗan, ya dawo, ya tsaya a kansa yana girgiza kwalbar. Mahaifiyarsa ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya kawo mai goge gidan.